Yadda ake yawon keke a karkarar Faransa ba tare da gogayya da motoci ba

Faransa ta gaji abubuwa biyu daga ƙarnukan baya waɗanda yau masu keke ke cin moriyarsu: tsofaffin layukan dogo da jirgi ya daina bi, da hanyoyin gefen kanal, wato kogunan da aka haƙa da hannu, inda dā dawakai ke jan jiragen ruwa na kaya. An cire ƙarafan dogon, an zuba kwalta ko tsakuwa, an hana motoci shiga. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsini, ruwan kanal kuma a kwance yake, waɗannan hanyoyi kusan duk shimfiɗaɗɗu ne. Wanda zai iya tuƙa keke na awa uku ko huɗu a yini zai iya ratsa jihohi a kansu. Ɗaya daga cikin na farko-farko ita ce wadda aka buɗe a 1997 tsakanin Givry da Cluny a yankin Bourgogne, mai tsawon kilomita 44.

Fara da rarrabe iri biyu na hanya

Nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe. Idan ka ga an rubuta *voie verte*, doka ta keɓe hanyar ga masu keke da masu tafiya a ƙafa, wani wurin har da mahaya doki. Mota da babur ba sa shiga, sai motar masu gyara ko ta mai kula da ƙofar ruwa, wato wurin da ake ɗaga ko sauke jiragen ruwa a kanal. Idan kuma *véloroute* aka rubuta, doguwar hanya ce da aka harhaɗa: wani yanki babu mota, wani yanki kuma ƙaramin titin ƙauye ne da za ka raba da motoci da taraktoci. Manyan hanyoyin da suka yi suna duk na biyun ne. Saboda haka kada sunan hanya ya ishe ka. Buɗe taswirarta a shafin France Vélo Tourisme ko na ƙungiyar AF3V, ka bi ta zango-zango. Taswirar na bambanta yankin da aka keɓe da wanda ake rabawa, kuma ana faɗin irin shimfiɗar ƙasan: kwalta ce, tsakuwa ce da aka daddaɓe, ko turɓaya ce kawai. Haka nan ba kowace hanyar gefen kanal aka halatta wa keke ba, sai wadda aka sa wa alama.

Zaɓen hanya

La Loire à Vélo ta fi kowacce suna. Kimanin kilomita 900 ce daga Cuffy kusa da Nevers zuwa Saint-Brevin-les-Pins a bakin Tekun Atlantika, ta bi ta Orléans, Blois, Tours, Saumur, Angers da Nantes, ga fadojin sarakunan dā irin su Chambord a kusa. Masauki da masu hayar keke sun wadata, amma yanki mai yawa a cikinta ƙananan tituna ne da ake rabawa da mota. La Vélodyssée ta bi yammacin ƙasar daga Roscoff zuwa Hendaye, fiye da kilomita 1,200, kuma mafi yawanta a keɓe take, musamman gefen kanal ɗin Nantes zuwa Brest da dajin Landes. ViaRhôna, kilomita 815 daga tafkin Geneva zuwa Bahar Rum, tana da kyau amma tana ratsa manyan garuruwa da unguwannin masana'antu.

Canal du Midi kuwa, wanda aka haƙa tsakanin 1666 da 1681 bisa tsarin Pierre-Paul Riquet, shi ne hotonsa ya fi ruɗar mutane. Daga Toulouse akwai kwalta na kimanin kilomita 50 zuwa wajen Naurouze. Bayan nan wurare da dama siririyar turba ce mai saiwoyi da ramuka, idan aka yi ruwa ta zama taɓo. Wata cutar itace kuma ta sa an sare dubban bishiyoyin da ke ba shi inuwa. Ba hanyar sabon shiga ba ce.

Ga mai farawa, babu kamar Bordeaux zuwa Toulouse: kimanin kilomita 270, kusan duk kwalta, kusan duk babu mota, kuma daga La Réole layin jirgin ƙasa na bin gefenta, ta yadda duk ranar da gwiwa ta ƙi ko keke ya lalace, tasha ba ta da nisa. A kanta za mu yi lissafi.

Lokaci da iska

Mayu, Yuni da Satumba su ne watannin tafiya. A Yuli da Agusta ɗalibai na hutu, masauki na cika, farashi na tashi, kuma a kudu maso yamma zafi kan haura digiri 35. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Damagaram kada ya raina shi, domin zama a inuwa daban, taka feda da kaya daban. Daga Satumba ake buɗe farauta har ƙarshen Fabrairu. Idan ka ga allo mai cewa *chasse en cours*, kada ka sauka daga hanya ka shiga daji, ka kuma sa riga mai haske. Wasu wurare ma rufe su ake yi da sanyi: ramin Bois Clair kusa da Cluny, mai tsawon kilomita 1.6, ana kulle shi daga kaka zuwa bazara saboda jemagun da ke kwanci a ciki.

Tun da babu tudu, iska ce tudun. A yammacin Faransa ta fi kaɗawa daga yamma, don haka daga teku zuwa cikin ƙasa ya fi sauƙi. A kwarin Rhône akwai *mistral* mai tasowa daga arewa, sai a gangara kudu. Wajen Toulouse kuma akwai *autan* daga kudu maso gabas. Ran da ta tashi, a fuska za ka sha ta, tafiyar awa uku ta koma biyar. Duba hasashen Météo-France kowane dare, ka lura da kibiyar iska fiye da hoton gajimare.

Takardu, a taƙaice

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru ko Chadi na buƙatar bizar Schengen, wadda ke ba da kwana 90 cikin 180. Ana neman inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba, da shaidar inda za ka kwana. Ga mai yawon keke wannan na nufin ka tsara zangon kowane dare tun kafin ka nemi biza. Mai jin Faransanci ya huta da rabin wahala, domin a ƙauyukan nan Turancin Ingilishi ba ya ci da nisa.

Keke da kaya

Haya ta fi kawo naka sauƙi. Jirgin sama na karɓar keke a kwali, bayan an kwance feda (ta hagu a juye ake kwance ta, wato ta ɓangaren da agogo ke bi) an kuma karkatar da kan keken, amma ba ya ɗaukar batirin keken lantarki ko kaɗan. Idan za ka yi haya, tambayi abu uku: ko za ka iya mayar da keken a wani gari daban da nawa ne ƙarin, ko jakunkuna da kwaɗo suna ciki, da kuma wanda za ka kira idan ya lalace a hanya. Keken lantarki na halal a can shi ne wanda injinsa bai wuce wat 250 ba, yake kuma daina taimako a kilomita 25 cikin awa.

Nemi keke mai giya, mai kariya a baya, mai maganin laka, mai faɗin taya milimita 35 zuwa 40. Siririyar tayar tsere na nutsewa a tsakuwa, mai manyan haƙora kuma na cinye ƙarfi a kwalta. Iska tsakanin *bar* 3.5 zuwa 4.5 (ma'aunin matsin iska) ta wadatar ga irin wannan taya. Iyakar da aka yarda na rubuce a gefenta. Kafin ka bar shagon, matsa birki ɗaya-ɗaya ka gane wanne ke riƙe wace taya. A Faransa hannun hagu ne birkin gaba, kuma wanda ya saba da akasin haka kan cafki na gaba da ƙarfi ya wuntsila ta kan keke.

Daidaita sirdi haka: hau, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa; ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa alamar sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayanta ya yi sama. Gyara da rabin santimita a lokaci guda, kada ka wuce haka.

Kaya su shiga jaka biyu na gefen kariya, kowace lita 20, waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Jimillar nauyi kada ta wuce kilo 12 idan a ɗaki za ka riƙa kwana, ko 18 idan da tanti. Masu nauyi a ƙasa, ɓangarorin biyu su yi daidai, in ba haka ba keke zai riƙa rawa a gangara. Kada ka goya jaka a baya. Zufa da ciwon kafaɗa kawai take kawowa. Na gyara kuwa: tif biyu masu girman tayarka, faci da sholisho, ƙarafan cire taya, famfo, makullan alan masu lamba 4, 5 da 6, mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da yawan giyarka, ɗan man sarƙa, da tsumma. Duba bakin bawul: akwai siriri, akwai mai kauri irin na mota, kuma famfon da bai dace da naka ba kaya ne kawai. Ƙara wandon keke mai soso guda biyu, rigar ruwa, safar hannu, goran ruwa biyu na mililita 750, kwaɗo mai ƙarfe irin mai siffar U, da batirin cajin waya.

Bordeaux zuwa Toulouse, rana-rana

Ranar farko, kilomita 55 zuwa 60. Ka ƙetare kogin Garonne zuwa gaɓar dama, ka bi shi kudu har Latresne, inda hanyar Roger Lapébie ke shiga karkara. Sunan ɗan tseren da ya ci Tour de France a 1937 aka sa mata. Tsohon layin dogo ne, yana hawa a hankali cikin daji da gonakin inabi har Créon, wurin da ya dace a ci abinci a cika gora. Gaba kaɗan akwai kangon tsohon gidan ibada na La Sauve da ɗan ramin jirgi. Kwana a Sauveterre-de-Guyenne.

Rana ta biyu ce kaɗai ke da wuya. Daga Sauveterre zuwa La Réole, kimanin kilomita 20, babu keɓaɓɓiyar hanya: ƙananan tituna ne masu hawa da sauka, tare da motoci, ko da yake ba su da yawa. Tashi da sassafe, riƙe dama, sauko da giya tun kafin tudu ya kama ka, domin canza giya kana danna feda da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa. Masu yara ƙanana gara su tsallake wannan yanki gaba ɗaya, su hau jirgi daga Bordeaux zuwa La Réole. Daga nan ka ƙetare kogi, ka shiga gefen Canal de Garonne wajen Fontet, ka wuce Meilhan-sur-Garonne zuwa Le Mas-d'Agenais. Jimilla kimanin 50.

Wannan kanal an kammala shi a 1856, tsawonsa kilomita 193, ƙofofin ruwansa 53. Kowace ƙofa na da lamba da suna a jikin gidan mai gadinta, kuma lambobin na raguwa yayin da kake matsowa Toulouse, don haka ko waya ta mutu ka san inda kake. A kowace ƙofa akwai ɗan hawa na 'yan mitoci. Shi ke nan tudun.

Rana ta uku, kimanin 47, ta Damazan, Buzet-sur-Baïse da Sérignac, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa kusan duk yini. Shiga Agen ta kan gadar da ke ɗauke da kanal ɗin kansa a saman Garonne, mita 539. Gefenta siriri ne kuma ruwa na dab da kai, sauka ka tura. Agen ta shahara da busasshen 'ya'yan itacen da ake kira *pruneaux*, guzuri mai kyau, amma wanda ya cika cinsa zai riƙa neman bayan gida a inda babu.

Rana ta huɗu, kimanin 44, ta Valence d'Agen zuwa Moissac. Hasumiyoyi biyu masu fitar da tururi da za ka hango na tashar nukiliyar Golfech ne. Gajeriyar rana ce, a yi wanki a huta.

Rana ta biyar, kimanin 64. Bayan Moissac kanal ya sake hawa gada a kan kogin Tarn, sai Castelsarrasin, sai Montech, inda aka girka wata na'ura a 1974 don tura jiragen ruwa sama da gangara. Ta daina aiki, ta zama abin kallo. Kilomita 20 na ƙarshe ba su da daɗin ido, ga layin dogo ga ɗakunan ajiyar kaya, amma hanyar a keɓe take har Ponts-Jumeaux a cikin Toulouse. Wanda 64 ta yi wa yawa ya raba ta a Montech ko Grisolles.

A lissafin lokaci, ɗauki kilomita 15 cikin awa da kaya, sannan ka ƙara awa biyu na tsaye-tsaye.

Ci, sha, kwana da sallah

Kanal yakan ratsa ta bayan gari, ba ta tsakiyarsa ba, saboda haka kana iya yin kilomita 20 ba ka ga kanti ba alhali ƙauyuka na nan kilomita ɗaya ko biyu a gefe. Shagunan ƙauye na rufewa daga wajen sha biyu da rabi zuwa biyu ko uku na rana, da yammacin Lahadi, da yawa kuma har Litinin. Gidan abinci na ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu; bayan nan an kashe wuta. Dabarar ita ce sayen burodi, cuku, tumatir, kifin gwangwani da 'ya'yan itace tun da safe, ranar Asabar kuma a yi sayayyar kwana biyu.

Naman alade na ɓuya a abinci da yawa. Kiyaye waɗannan kalmomi a takarda ko a jerin abinci: *porc*, *jambon*, *lardons*, *saucisson*, *rillettes*, *saindoux*. Ana kuma dafa wasu miya da giyar inabi, *vin*. Mahautan halal da masallatai na Bordeaux, Agen da Toulouse. Tsakaninsu, kifi, ƙwai da cuku ne mafita. Alƙibla daga Faransa tana gabas maso kudu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma saura na dare, alfijir kuma na fitowa da wuri, don haka tsakanin isha'i da asuba barci kaɗan ne. Masu tafiya da yawa kan rama shi da ƙailula bayan azahar, lokacin da dama zafi bai bar tuƙi ba.

Ruwan famfo ana sha. Idan gora ta ƙare, nemi maƙabartar ƙauye: kusan kowace na da famfo a bakin ƙofa don masu ban ruwan furanni. In an rubuta *eau non potable*, ba na sha ba ne. Ruwan kanal kuwa ko wanka an hana a ciki.

Wajen masauki, nemi alamar Accueil Vélo. Ana ba da ita ga wuraren da ba su wuce kilomita 5 daga hanya ba, masu ɗakin kulle keke da kayan gyara. Mafi araha shi ne filin tanti na ƙaramar hukuma, *camping municipal*. Sama da shi *gîte d'étape* mai gadaje a ɗaki ɗaya, sai *chambre d'hôtes*, ɗaki a gidan mutane da karin kumallo. Kafa tanti a inda ka ga dama ba ya halatta a bakin teku, ko kusa da gine-ginen tarihi, ko a gonar wani ba da izininsa ba.

Doka da abubuwan da ke kayar da mutane

Dole keke ya kasance da birki biyu, ƙararrawa, da fitila fara a gaba da ja a baya idan dare ya yi. Wajen gari da dare ko cikin hazo, sai da riga mai ƙyalli. Hular kwano wajibi ce ga yaro ƙasa da shekara 12 tun 2017. Babba ba a tilasta masa ba, amma rashin sa ta wauta ce. Sanya abin sauraro a kunne ko riƙe waya kana tuƙi, tarar yuro 135 ce.

Haɗarin keɓaɓɓiyar hanya yana mararraba. Bayan awa guda ba ka ga mota ba hankali na kwanciya, sai kwatsam hanyar ta gitta titin da motoci ke gudun kilomita 80. Yawanci kai ne za ka tsaya. Ana sa turaku ko shingaye masu lanƙwasa kafin irin wannan wuri, kuma jakar gefe kan maƙale a jikinsu idan ka shiga da gudu. Masu tafiya a ayari su bar tazara, na gaba ya faɗi da murya cewa ga turke, domin na baya ba ya ganinsa. A cikin gari kuma, mararrabar da ba ta da alama, wanda ya fito ta damanka ne ke da hanya.

Ƙarƙashin gadoji hanya na tsukewa ta matsa bakin ruwa, ba ka ganin mai tahowa; buga ƙararrawa ka rage gudu. Saiwoyi kan ɗaga kwalta, kuma inuwa na ɓoye su. Masunta na shimfiɗa dogayen sandunansu a kan hanya, karnuka na da doguwar igiya. Kafin ka wuce mai tafiya a ƙafa, ƙararrawa daga nesa, sannan *bonjour*. Gaisuwa a karkarar Faransa ba abin wasa ba ce, wanda ya shiga shago bai yi ta ba zai ga canjin fuska. Idan guguwa ta kayar da itace ko ana gyara, bi allon *déviation*.

Idan taya ta yi faci, duba irin ramin. Ƙananan ramuka biyu gefe da gefe na nufin iska ta yi kaɗan, ƙarfen wili ya cije tif a kan saiwa ko dutse. Rami ɗaya kuwa ƙaya ce ko kwalba, kuma tana nan a cikin taya: shafa cikinta da tsumma a hankali har ka same ta, in ba haka ba sabon tif ɗin ma ba zai kai kilomita biyu ba. Wajen liƙi, kankare wurin, shafa sholisho siriri, jira minti biyar ya bushe kafin ka manna faci. Bayan tuƙi a tsakuwa ko ruwan sama, goge sarƙa, ɗiga mai, sake gogewa. Man da ya yi yawa ƙura yake tarawa. Kowace safiya ka taɓa kusoshin kariya, su ne girgiza ta fi kwancewa. Lambar gaggawa 112 ce, ta asibiti kai tsaye 15.

Komawa da jirgin ƙasa

Jiragen yanki, TER, na ɗaukar keke yadda yake, a taragon da ke da hoton keke a ƙofa. Ana rataye shi ta tayar gaba, don haka cire jakunkuna tun a dandamali. Guraben kaɗan ne, kuma wasu yankuna na buƙatar a kama wuri tun da wuri a lokacin hutu, sai a duba a manhajar kamfanin jiragen ƙasa, SNCF Connect. Daga tashar Matabiau a Toulouse zuwa Bordeaux da TER, yawanci ana canza jirgi a Agen. Kauce wa jiragen ƙarfe bakwai zuwa tara na safe da biyar zuwa bakwai na yamma, lokacin ma'aikata. A jirgi mai sauri, TGV, wasu ne kawai ke da gurbin keke, kuɗinsa yuro 10, kuma tare da tikitinka ake sayensa. In babu gurbi, sai an kwance tayoyi an sa keken a jakar da ba ta wuce santimita 130 da 90 ba. Ƙananan tashoshi da yawa ba su da lif, matakala ce ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka isa da minti 30 a hannu, ka fara kai jakunkuna, sannan ka dawo ka ɗauki keken.